Maganar da Aka Ɗauko Daga Tibiri

Tun daga bakin ƙofa Tahira ta gane takalman Gwaggo Ramatu. Gwaggo ba ta tako unguwar Zariya ta Maraɗi da rana tsaka sai da dalili, dalilin yau kuwa ba ɓoyayye ba ne. Ita aka aika Tibiri binciken Hafizu, saurayin da ya daɗe yana neman auren Tahira.

Tahira daga asibitin haihuwa take, inda take aikin ungozoma. Ko jakarta ba ta ajiye ba mahaifinta, Malam Inusa, ya ƙwala mata kira.

Ta shiga falo ta durƙusa ta gaishe su. Gwaggo ta amsa tana fifita da gefen mayafi, fuskar nan a ɗaure tamau, irin ta wanda ya zo da mugun labari kuma bai ji haushin ɗauko shi ba.

"Zamna," in ji Malam Inusa. "Ramatu, maimaita mata abin da kika hwaɗa mani."

Gwaggo ta gyara zama.

"Na tai Tibiri, na iske uwar yaron tana tankaɗe. Munka gaisa, na kawo zance. Kin san mi ta ce mani? Ta ce, 'Wanga? Ai ba ya da wata sana'a. Ga shi can ya baro biro, ofis da sanyinshi, ya koma Jiratawa yana kwaɓar laka. Ni ban ga abin da za a gani gare shi ba.' Wallahi ban ƙara ko gishiri ba."

Tahira ta ɗago da sauri.

"Gwaggo, ɗan hwarinta ne hwa! Wace uwa ce za ta zamna ta yabi ɗan hwari gaban baƙi? Ko sunanshi ba ta kira."

"Au, ni za ki koya ma al'ada?"

Lallai ba mai koya wa Gwaggo Ramatu al'ada. Ita ce har yau ba ta kiran nata ɗan farin sai "mai ƙaton kan nan", alhali mutumin da furfurarsa da iyalinsa. Ta san kunyar ɗan fari kamar yunwar cikinta. Sai dai Gwaggo tana da nata ɗan takarar, Ilyasu ma'aikacin duwan, wato kwastan, wanda motarsa ta san hanyar gidanta, kuma bai taɓa zuwa hannu sake ba. Shi ya sa maganar da kowace mace za ta ji ta yi murmushi ta wuce, ita ta naɗo ta a gefen zane ta kawo har Maraɗi.

Malam Inusa ya ɗaga hannu, suka yi shiru.

"Na san kunya, Tahira. Ni ma ɗan hwari ne. Har uwata ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ce mani sannu gaban mutane ba. 'Ba ya da sana'a' bai tada mani hankali ba. Zancen barin biro nike tambaya. Gaskiya ne?"



"Bai bari ba tukuna, Baba. Kwantiraginshi ne ya ƙare, sun ce shi sabunta, yana shawara. Yana son shi buɗe kamfanin busar da zogale."

"Kin sani ke nan."

"Na sani."

Ba sani kawai ta yi ba. Ita ce ta zuga shi. Ita ce ranar da ya zo zance fuska a mace ta ce masa, "Injiniya, in aikin nan na kashe ka, ka bar shi mana, ina bayanka." A ranar maganar ta yi mata daɗi a baki.

Malam Inusa ya nuna ɗakin da ke tsallaken tsakar gida, inda kukan yaro ke tashi.

"Wa ke cikin ɗakin can?"

Hawaye suka cika idonta. "Yaya Rahma."

"Rahma da ɗiyanta. Shi ma nata mijin haka ya zamna nan inda kike, ya ce mani shi ba ya yi ma kowa bauta, kasuwar man hetur za shi yi. Na yarda, don ɗiyata na son shi. Ranar da anka ruhe iyaka komi nashi ya tsaya. Yau ina yake? Ya bi hanyar arewa, ko sallama ba mu ji. Ni na tsufa, Tahira. Ba ni da ƙarhin da zan riƙe gida biyu da sunka mutu."

"Baba, shi ba haka..."

"Kowa ba haka yake ba sai ranar ta zo." Muryarsa ta yi rauni, wannan ya fi tsawa ciwo. "Ba ni yi maki dole. Ilyasu, in ba ki so, ba mai ɗaura maki shi. Amma ni ma ba mai yi mani dole. In yaron nan ya sa hannu ga kwantiraginshi kahin watan ga shi mutu, su turo, in sa rana. In ya zaɓi laka, Allah shi ba shi sa'a, amma ba da ɗiyata ba."

Ta fashe da kuka. Gwaggo ta ce, "Yi ki gama, mu ma mun yi namu."

*

Abin da Tahira ta yi washegari, da Gwaggo ta ji da sai an yayyafa mata ruwa. Ta hau babur ɗin kabu-kabu ita kaɗai ta nufi Tibiri, gidan uwar saurayinta, gidan da ko ƙofarsa bai kamata ta sani ba kafin a kai ta.

Tunaninta ɗaya ne. Tunda maganar Inna Tsahara, uwar Hafizu, ce ta ɓata, maganarta ce za ta gyara. In tsohuwar ta aika wa Baba cewa ɗanta mutum ne mai riƙon amana, wanda bai taɓa kama abu ya saki ba, wataƙila zuciyarsa ta yi sanyi.

Ta iske ta a gindin bishiyar bedi tana gyaran wake. Da ta faɗi ko ita wace ce, Inna Tsahara ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, kamar ita ce yarinyar. Ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, suka yi ta gaisuwa kowa na kallon ƙasa.

Da ƙyar Tahira ta iya fara magana. Ita ma ba ta kama sunansa ba, ba ta isa ba. Haka suka zauna su biyu, suna zancen mutum ɗaya da kowaccensu za ta iya mutuwa dominsa, ba wadda ta ambace shi.

Tana gama bayani tiren waken ya zame daga cinyar tsohuwar.

"Wayyo ni Tsahara! Abin da anka kai ke nan?"

"Shi ne, Inna."

"Ɗiyata, ni hwa yabo na yi." Ta dafe ƙirji. "Wallahi yabo na yi. Gonar nan ta Jiratawa ta ubanshi ce. Tun da ya rasu take hannun 'yan haya, in na tuna sai in kasa cin tuwo. Ranar da yaron ga ya zo ya ce mani ya koma cikinta, ɗaki na shiga na yi ta kuka don daɗi. To baƙuwa ta zo tana tambaya, mi zan ce? In ce ɗana ya gaji ubanshi? Da wane baki? Sai na hwaɗe shi yadda muke hwaɗi. Na zaci mace ce, za ta gane."

Tahira ta rufe fuska da tafin hannu. Ashe duk duniya ba wanda ya yi alfahari da Hafizu kamar matar nan, kuma alfaharin nata ne ya rusa shi.

"Inna, ki taimake ni. Ki aika ma Baba, ko kalma guda. Ki ce kin yarda da shi, ki ce zai iya."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon waken da ya watse a ƙasa. Ta buɗe baki, ta rufe. Ta sake buɗewa, leɓɓanta suna motsi, ba abin da ya fito sai numfashi.

"Ba ya hitowa," ta ce a hankali, hawaye na bin kuncinta. "Tun da na haihe shi ban taɓa ba. In na aika yau, garin ga duka za a ce Tsahara ta zubda mutuncinta wajen tallar ɗa. Kuma ko na aika, ubanki ba yabo yake nema ba, ɗiyata. Albashi yake nema. Wanga kuwa ba ni da shi."

Gaskiya ta faɗa, Tahira ta sani. Ta taya ta tsince waken tsaf, sannan ta yi sallama.

*

La'asar ta yi lokacin da ta isa Jiratawa. Daga kan hanya ake jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, ruwa na gudu a magudanan siminti, zogale kore shar har inda ido ya tsaya.

A gefen gonar akwai wata doguwar rumfa ta zana da Hafizu ya kafa da hannunsa. A ciki ya jera ragar waya hawa-hawa, inda ganye ke bushewa a inuwa don kada rana ta cinye korensa. Wasu mata na zaune a bakin rumfar suna tsigar ganye, suna hira.

Babbarsu, Maijidda, ta hango ta.

"Lale, lale! Ga amaryarmu! Ke kuwa ki yi ki tare, mun gaji da ganin mai gidan ga da riga ba maɓalli."

Matan suka kwashe da dariya. Tahira ta yi yaƙe.

Yana can cikin ruwa, wando a naɗe har gwiwa, yana buɗe wa wani layi hanya da fartanya. Da ya ɗago ya gan ta sai ya washe baki. Ta san Hafizu da kyau, amma wannan fuskar ba ta taɓa ganinta a Maraɗi ba. Ya yi baƙi, ya rame, idanunsa kuwa sai ƙyalli suke.

"Yau wace rana! Zo ki gani, Tahira. Wanda munka shanya shekaranjiya ya bushe, launinshi bai canza ba ko kaɗan. Zo ki sansana."

Ba ta motsa ba. Murmushin ya ragu a fuskarsa.

"Lahiya?"

Suka zauna a kan bakin magudana, nesa da matan. Ta faɗa masa komai, tun daga takalman Gwaggo har waken da ya zube. Da ta zo kan maganar mahaifiyarsa sai ya juya kai gefe.

"Inna ta ce ta yi kuka don daɗi?"

"Ta ce."

"Ban taɓa sani ba." Ya goge ido da bayan hannu, laka ta shafa a goshinsa. "Na zaci haushina take ji."

Ruwa na ta wucewa a ƙarƙashin ƙafafunsu.

"Ba za ka iya haɗa su ba?" ta tambaya, ko da yake ta san amsa. "Biro da nan?"

"Ruwa ba ya jiran a tashi daga biro, Tahira. Ranar da layinka na ban ruwa ya zo, ko kana nan ko ya wuce. Su kuma mutanen biro yau su tura ka Yamai, gobe Damagaram. Na gwada bara, kin gani, rabin shukar ta ƙone. Maƙwabtan da sunka ce za su riƙa kawo mani ganyensu, sun ce sai sun ga na zamna da ƙahwa biyu. Ba su yarda da mai zuwa ran Lahadi."

"To mi ke cikin aikin nan da ba ka iya haƙuri da shi? Mutane nawa ke neman irinshi da kuka?"

Ta ji kunyar tambayar tun kafin ta gama fita.

"Ke ce ke tambayata?" Bai ɗaga murya ba. "Ke da kike dawowa ƙahwa a kumbure, ki kira ni kina dariya ki ce yau kun tsamo wata daga bakin mutuwa ita da jaririnta? Ni kuwa mi zan ce maki na yi? Mun tara mutane otel, mun ci kaji, mun yi hoto gaban ƙyalle mai sunan manoma, kowa ya watse. Wata mai zuwa mu sake. Manomin da ke jikin ƙyallen ban taɓa ganin ya ƙaru da ko tiya guda ta hatsi ba. In na kwanta sai in ji kamar na saci yinin."

Hawayenta suka zubo.

"Nan kuwa," ya ci gaba, yana nuna gonakin, "lokacin da ganye ya yi yawa, da idona nike ganin ana zubda shi bakin kasuwa ya ruɓe. In na busar da shi, na ƙulla shi da tsabta, zai kai rani, zai kai Agadas. Ban ce maki tabbas ne ba. Wata sahiya in tashi in ga kamar ya yi, wata sahiya tsoro shi hana ni karin kumallo. Babanki bai yi ƙarya ba, yana iya rushewa. Amma ko ya rushe, na san abin da na yi da hannuna."

"Hafizu..." Ba ta cika kiran sunansa ba, shi ma ya lura. "Ni na ce ka bari. Ni na ce ina bayanka. Ban manta ba."

"To yanzu mi kike cewa?"

A kan hanya ta shirya kalmomi masu kyau. Ta yi niyyar ta ce masa ya bi zuciyarsa, ita za ta jira, ko shekara nawa ne. Amma ta tuna fuskar Baba, wanda bai taɓa janye magana ba. Ta tuna motar Ilyasu, da bakin Gwaggo da ba ya gajiya, da ƙawayenta da suka yi aure suka bar ta tana karɓar haihuwarsu. Tsoro ya rufe ta, tsoron rasa shi, ya danne duk wani abin kirki da ta zo da shi.

"Ka sa hannu," ta ce cikin kuka. "Don Allah ka sa hannu. Ba ni iya rayuwa ba kai. Na san son kai ne, na sani, amma ba ni iyawa. In mun yi aure, bayan shekara kaɗan, in Baba ya huce, sai ka dawo."

Ya yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Bayan shekara kaɗan akwai ɗiya, akwai haya, akwai kuɗin lakkwal, karatun yara. Duk waɗanda na iske biro haka sunka ce, shekara kaɗan. Sun yi hurhura kan kujerar."

"Ke nan ka ƙi?"

Ya daɗe yana kallon rumfar, da layukan da ya buɗe wa ruwa, da matan da ke tsiga suna waƙa ƙasa-ƙasa. A ranta ta ce zai yi faɗa, zai ce ta ci amanarsa, har ta fi son ya yi.

Sai ya miƙe, ya wanke ƙafafunsa a magudana, ya warware naɗin wandonsa. Ya taka zuwa rumfar, tana biye da shi kamar wadda aka ja da igiya.

"Maijidda, in kun gama wanga ku raba ganyen ku kai gida. Gobe kada ku zo."

Matar ta saki reshen da ke hannunta. "Jibi hwa?"

"Zan aiko."

Maijidda ta dube shi, ta dubi Tahira da jajayen idanunta. Ba ta ƙara cewa amarya ba. Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da tsiga, sauran ma waƙar ta mutu a bakinsu.

Ya rako ta bakin hanya. Ta samu abin da ta zo nema, ya kamata ta ji sanyi, amma ƙirjinta ya fi lokacin zuwanta nauyi. Ta saci kallonsa. Ƙyallin nan na idanunsa babu shi, fuskar Maraɗi ta dawo tun bai bar Jiratawa ba.

"Ki ce ma Baba gobe zan sa hannu," ya ce. "Kawunnaina za su zo cikin satin ga."

"Ka yahe mani."

"Ba ki yi mani komi ba. Ni na auna, na ga ke kin hi nauyi." Ya tsayar da wani ɗan kabu-kabu, ya riƙe mata jaka har ta hau. Sannan ya matso, ya rage murya yadda mai babur ba zai ji ba.

"Abu guda nike roƙo, Tahira."

"Ko mi ne ne."

"In anka yi auren, duk ranar da na dawo gida, ki ce mani sannu da zuwa, ki ba ni ruwa. Amma kada ki taɓa ce mani ya aiki."

Ta buɗe baki za ta ce ya fasa, kada ya sa hannu, ya koma ya ce wa matan su zo gobe. Mai babur ya ba da wuta, suka hau hanya, iska ta cika mata baki.

Ta waiwaya. Yana tsaye inda ta bar shi, hannuwansa a sake, bai koma gonar ba.

Har suka shiga Maraɗi tana kuka tana cewa a ranta babur ne ya yi saurin tashi. Amma ta sani sarai, ko da mai babur ya tsaya har magariba yana jiranta, ba za ta faɗa ba.